Takobin da Aka Wasa Shekara Ɗari Biyu

A zamanin da garuruwa ke fakewa a bayan ganuwa, an yi wani gari a gindin tsauni, a cikin tsaunin kuma akwai dodo. Kowa ya san da zamansa, amma babu mai rai da ya taɓa ganinsa. Abin da ake koya wa yara shi ne, shekara ɗari biyu da suka wuce, jarumin da ya kafa garin ya kai wa dodon sara ɗaya da takobinsa, dodon ya ja jiki ya shige kogo, bai sake leƙowa ba. Takobin nan kuwa, in ji magabata, shi kaɗai ne ƙarfen da ke ratsa fatar dodo a duk duniya.

Don haka suka sassaƙa dokoki uku a bangon zauren Mai Gari. Ta farko, a wasa takobin kowace safiya, shafa arba'in a kan dutse, kada a tsallake rana ko ɗaya. Ta biyu, kada kowa ya zare shi daga kube sai mai washi a ɗakinsa, ƙofa a rufe, sai kuma jarumin gari a gaban dodo. Ta uku, duk ranar da aka sami takobin da aibi, a fitar da mai washi da iyalinsa bayan ganuwa, a ba wani gidansu.

Mai washin da muke magana a kansa shi ne na bakwai a zuriyarsu. Gidansa na ƙarshen layin maƙera, jikin gidan mai tukwane. A ɗakin aikinsa babu komai sai dutsen washi wanda tsakiyarsa ta lotsa kamar kwano, da tulun ruwa, da kujera 'yar tsugune, da wata taga ƙarama wadda ko kyanwa sai ta matse ciki kafin ta wuce. Shekara ashirin da biyar yana aikin, bai taɓa tsallake rana ba, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, ko ranar da aka haifa masa 'yarsa ta fari. Da ƙarar dutsensa maƙwabta ke tashi. Mai tukwane har ƙirgawa yake yi ta bayan bango, in ya ji ta arba'in sai ya ce wa 'ya'yansa, "To, yau ma gari lafiya, ku tashi."

Abu ɗaya ne magabata ba su kawo a ransu ba: dutse yana cin ƙarfe. Mai washi na farko ya karɓi takobin da in an kafa shi a ƙasa yana kai wa mutum ƙirji. Kakan mai washin namu ya gaji wani abu kamar adda. Mahaifinsa ya riƙe wani abu kamar wuƙar mahauta. Shi kuwa, bayan shekara ashirin da biyar na aiki tsakani da Allah, abin da ya rage a hannunsa siririn ƙarfe ne tsawon taƙi ɗaya, mai tsini kamar basillar ɗinka buhu. Ƙotar dai tana nan yadda take, ƙatuwa, da adon tagulla. Kuben ma yana nan da tsawonsa, an cusa masa tsumma don kada ƙarfen ya riƙa kaɗawa a ciki. Ranar da mahaifinsa zai cika, ya kira shi ya kama hannunsa. Mai washi ya sunkuya yana jiran wasiyya mai nauyi. Tsohon ya ce, "Ka ƙara tsumma." Bai sake magana ba.

Mai washi ya sha tunanin rage shafar, amma mai tukwane na ƙirgawa. Ya sha tunanin zuwa ya faɗi gaskiya, sai ya tuna doka ta uku, ya dubi 'ya'yansa suna guje-guje a tsakar gida, ya fasa.

Mutum ɗaya ce ta san sirrin, matarsa, mai ɗinkin tantuna da buhuna da salkunan ruwa. Ita ba ta kiran abin takobi, Tsoho take ce masa. In ta gamu da fata mai taurin da ya karya mata allura, sai ta leƙo ɗakin.

"Maigida, ara mini Tsoho in huda wuri goma."

"Ke, wannan fa takobin gari ne!"

"Na sani. Ai tantin ma na gari ne."

Haka zai miƙa mata yana waige-waige.

Wata safiya yana kan shafa ta goma sha bakwai, sai ya ga ruwan tulu yana rawa. Can sai ƙasa ta yi wani gurnani daga ƙarƙashi, ya ji tukwanen maƙwabcinsa suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa ta taga, ga hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi daga tsauni. Duk da haka sai da ya koma ya cika shafa arba'in, don hannunsa bai san yadda ake tsayawa a goma sha bakwai ba.

Ya fito tsakar gida rungume da kube, masu tsaron ƙofar gari na ta busa ƙaho.

"Uwar yara, ya farka."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

"Mun shiga uku. Yau jarumi zai zare takobin, yau kowa zai sani. Kafin rana ta faɗi muna bayan ganuwa da tabarminmu a ka."

"Zauna ka karya tukuna. In korar ce, gara ta same mu da abinci a ciki."

Ya zauna. Ita kuwa ta miƙa yaran wurin ƙanwarsa, ta dawo ta rataya jakar ɗinkinta.

"Ina za ki?"

"Inda Tsoho za shi. Saura huda ashirin in gama tantin nan. In ka baro shi a cikin dodo, da haƙorinka zan huda?"

A ƙofar gari jama'a sun yi cincirindo. Mai Gari yana tsaye bisa dakali, kusa da shi ga jarumin gari. Shi ma jarumin na bakwai ne a zuriyarsu, aikin gidansu kuma shi ne tattalin ƙarfi saboda ranar dodo, wato su ci su ƙoshi su huta. Shi ma bai taɓa tsallake rana ba. Sulken kakansa ya ƙi haɗuwa a jikinsa, sai da aka ɗaure shi ta baya da igiyar guga. Dokin da aka kawo masa ya dube shi sau ɗaya ya kwanta, don haka aka yanke shawarar a tafi a ƙasa.

Tare suka yi ƙuruciya da mai washi. Jarumi na kiransa Ɗan Dutse, shi kuma yana kiran jarumi Randa, amma sai in babu kowa kusa.

Mai Gari ya yi jawabi, ya sa albarka, mai washi ya rataya wa jarumi takobi. Suka kama hanyar tsauni su uku, matar na biye da jakarta. Babu wanda ya hana ta, don kowa ya ɗauka guzuri ta ɗauko.

Da suka yi nisa jarumi ya jijjiga kuben.

"Ɗan Dutse, takobin nan fa ba shi da nauyi."

Mai washi ya ce, "Wataƙila ƙarfinka ne ya ƙaru."

"Ni ma haka nake ji a jikina."

"Randa, akwai maganar da ya kamata in..."

"Mai daɗi ce?"

"A'a."

"To riƙe abarka sai mun dawo. Shekara arba'in nake tara ƙarfin nan, kada ka zubar mini da shi a hanya."

Sai da suka huta sau shida kafin su isa bakin kogo, rana ta take tsaka. Suka tarar dodon ya riga ya fito. Kansa ya kai ɗaki guda, idanunsa kamar faranti, fatarsa baƙa mai ɓawo-ɓawo kamar gindin tsohuwar tukunya. Fiffikensa na dama a naɗe yake tsaf. Na hagu kuwa yana ja a ƙasa, a yage tun daga kafaɗa har baki.

A yi wa jarumi adalci, bai gudu ba. Ya gyara tsayuwa, ya kurma ihu irin wanda aka koya masa, ya kama ƙota da hannu biyu ya fizgo da duk ƙarfin shekara arba'in. Saura kaɗan ya faɗi da baya. Tsummoki suka biyo ƙarfen suka watse, har da hannun tsohuwar rigar yaro. Jarumi ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi dodo, ya sake duban abin da ke hannunsa.

"Ɗan Dutse, riƙe mini wannan," in ji shi cikin sanyin murya. Ya miƙa masa, ya zagaya bayan wani dutse ya zauna.

Mai washi ya tsaya tsuru-tsuru da ƙatuwar ƙota a hannu. Dodo ya sauko da kansa, ya shinshina ƙarfen, hucinsa kamar na maƙera.

"Shi ne," in ji dodo, muryarsa kamar ana jan dutse a kan dutse. "Ban manta warinsa ba. Amma ya rame. Ciwo ya yi?"

Mai washi ya buɗe baki, sai ya ji gaskiyar da ya danne shekara ashirin da biyar ta fito da kanta. "Mu muka ramar da shi. Shafa arba'in kowace safiya, ni da ubana da kakannina. Don ya yi kaifin kashe ka."

Dodo ya fashe da dariya har tsakuwa ta gangaro daga saman tsauni.

"To ai kun gama da shi kafin ya gama da ni. Kai, ɗan mutum, me na yi muku ne?"

"An ce za ka cinye garin."

"In yi me da garin? Ku da duk ƙashi ne da ƙorafi. Ni fa wucewa nake yi. Na sauka in sha ruwa, sai wani gajere mai yawan ihu ya fito daga cikin ciyawa ya yaga mini fiffike, ya ranta a na kare. Tun ranar nake kwance ina jiran ya warke, ashe fatarmu ba ta haɗewa da kanta. Iyalina na can bayan teku. Ce musu na yi su ajiye mini abincin rana."

"To me ya tashe ka yau?"

"Kogon ya fara yoyo. Daidai kan yagar yake ɗiga."

Duk wannan magana da ake yi, matar mai washi ba fuskar dodo take kallo ba. Fiffiken take zagayawa, ta karkata kai, kamar yadda take yi in an kawo mata tanti.

"Kaka," ta ce, don ta rasa da me za ta kira shi, ta ga kuma ya girme wa kowa, "shimfiɗa shi sosai in gani. Yawwa. Ai yagar a miƙe take, ba ta ci gefe ba. Wannan aikin wuni ɗaya ne."

"Baiwar Allah, kada ki wahalar da kanki. Babu allurar da ke huda fatata. Ƙarfe ɗaya ne ke shigarta, shi kuma takobi ne, yanka kawai ya iya."

"Da kenan," in ji ta. "Yanzu ya koyi sana'a. Maigida, kawo Tsoho."

Mai washi ya taɓa tsinin da yatsa. Jan da jarumi ya yi masa ya ɗan dakushe shi. Ya ciro ƙaramin dutse daga aljihu, ya tofa masa yawu, ya yi shafa uku, ya sake taɓawa, ya tsaya. Bai taɓa tsayawa a uku ba a rayuwarsa, har sai da hannunsa ya yi ƙaiƙayi.

Suka raba aiki. Ita ta tsinko gashin jelar dodo, kowane sili kaurin igiyar shanya, shi ne zare. Mai washi na hudawa, ƙarfen na shiga kamar a cikin sabulu, ita kuma tana bi da allurarta ta ƙashi tana zura gashin tana ja. Matsala ɗaya, gefen yagar biyu sun ƙi tsayawa wuri ɗaya, iska na ɗaga su.

"Jarumi!" ta ƙwala kira. "Fito, gari na bukatarka."

"Ina tsara dabarun yaƙi ne," in ji murya daga bayan dutse.

"Taho da su nan. Zama kawai za ka yi."

Wannan kuwa aiki ne da ya ƙware a kai. Ya zo ya zauna a kan fiffiken, gefe biyu suka haɗu suka kwanta lif, ko motsi. In an gama taƙi biyar sai ya matsa gaba. Dodo na ta mutsu-mutsu, wai ana yi masa cakulkuli.

"Kaka, in ka sake motsi ɗinkin zai karkace, ka riƙa tashi kana zagaye wuri ɗaya. Ruwanka."

Dodo ya nutsu kamar yaron da ake yi wa aski.

Huda ɗari uku cif suka yi. Rana ta karkata yamma lokacin da ta ƙulle zaren ƙarshe ta yanke shi da tsinin Tsoho. Dodo ya miƙe, ya buɗe fiffike a hankali, ya kaɗa sau ɗaya, iskar ta tafi da kwalkwalin jarumi.

"Hannunki da kyau, baiwar Allah. Amma ɗinki ɗinki ne, nan da shekara ɗari zai saki. Zan dawo a gyara mini." Ya juyo da ido ɗaya kan mai washi. "Kai kuma, ka ajiye mini ƙarfen nan yadda yake. In na dawo na tarar kun shafe shi saura ƙota, a nan zan sake kwanciya, wannan karon a tsakiyar kasuwarku. Ka daina wasa shi."

Ya yunƙura ya tashi, ya yi sama, ya nufi teku.

Daga kan ganuwa mutane sun ga dodo ya tashi ya bar ƙasarsu, don haka kafin su ukun su iso gari ya kaure da sowa. Ƙarti takwas suka yi niyyar ɗaukar jarumi a kafaɗa, suka gwada, suka ce tafiya a ƙasa ta fi mutunci. Aka rankaya zauren Mai Gari.

Mai washi na tsaye a gefe, takobi a cikin kube. Babu wanda ya tambaye shi komai. Yana iya komawa gida ya nemi sabon tsumma, shi ke nan. Ya dubi dokoki ukun nan a bango, ya dubi matarsa, ya ji ya gaji da tsumma. Ya matsa gaba ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, zan karya doka ta biyu, don ku ga ko ta uku ta hau kaina."

Ya zare takobin a gaban kowa. Zauren ya yi tsit, har ana jin numfashin jarumi. Mai Gari ya karɓi ƙotar, ya ɗaga siririn ƙarfen sama, ya daɗe yana kallo. Sai idanunsa suka ciko da ƙwalla.

"Jama'a, ku dubi yadda yaƙi ya cinye shi! Jarumi, sau nawa aka soki dodon nan?"

Jarumi ya yi gyaran murya. Shi ba maƙaryaci ba ne. "Sau ɗari uku, ranka ya daɗe. Ni kuma ina zaune a kansa, ban bar shi ya motsa ba."

Zauren ya ɗauki kabbara da tafi.

"Ranka ya daɗe, ba yaƙi ba ne," in ji mai washi da ƙarfi. "Washi ne ya cinye shi. Tun zamanin kakannina yake raguwa. Dodon ma ba kashe shi aka je yi ba, ɗinke masa fiffike muka yi, matata ce ta..."

"Ku ji tawali'u," in ji Mai Gari yana murmushi. "Bawan Allah, rana ta buge ka. Washi gyara ne. Ta yaya gyara zai ɓata abu? Magabata ne fa suka rubuta."

"Amma ranka ya daɗe, dutse yana..."

Matarsa ta taka masa ƙafa, ba da wasa ba. "Ka faɗa sau biyu," ta raɗa masa. "Allah ya ji, ni ma na ji. Tashi mu tafi gidanmu tun yana namu."

Kafin su kai ƙofa Mai Gari ya ɗaga hannu. Ya ce tun da takobin ya rame haka a bakin aiki, yana bukatar ƙarin kulawa kafin ya murmure. Daga yau a riƙa wasa shi sau biyu, arba'in da safe, arba'in da yamma. Nan take aka kira mai sassaƙa ya ƙara doka ta huɗu a bango.

Washegari mai washi ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ya ciro takobin, ya shafe shi da mai, ya naɗe shi a ƙyalle mai tsabta ya ajiye. Sannan ya ɗauko wuƙar girkin gidansu ya ɗora a dutse. Ta bayan bango mai tukwane ya ƙirga arba'in ya ta da 'ya'yansa. Da yamma aka wasa almakashin uwar yara. Da kayan gidan suka ƙare, sai ta riƙa karɓo na maƙwabta, wai za ta ba wani ɗan'uwanta ya duba. Kafin shekara ta zagayo babu wuƙa ko gatari ko lauje mai dakushi a duk layin, mutane na ta cewa albarkar takobi ce. Babbar 'yarsu kuma ta fara zama kusa da uwarta tana koyon irin ɗinkin da ake ja da ƙarfi a ƙulle sau biyu, an gaya mata ta koya wa 'ya'yanta, su ma su koya wa nasu.

Wata safiya, yana cikin wasa gatarin mai tukwane, matar ta leƙo.

"Maigida, ara mini Tsoho."

"Huda nawa?"

"Goma."

"Biyar. Ki bi shi a hankali kuma. Da mai shi, zai dawo."